Bisa Sawun Nike, Daga Ogidi Zuwa Ikko

Sa'ad da takardar kira ta iso mini, cewa ana bukatata a wani taro na malaman makaranta a Ikko bayan ɗaukewar ruwan sama, sai na duba na ga akwai sarari tsakanina da ranar da aka ajiye, kuma abin da aka ƙiyasta mini na kuɗin jirgin sama zai iya kai ni ta ƙasa har ya bar mini na goro. Saboda haka na ƙudura niyyar in bar gajeriyar hanya in kama doguwa, in bi garuruwan da wata mace ta zauna a cikinsu ɗaya bayan ɗaya, tun daga inda aka binne cibiyarta har inda ta kafa babban gidanta. Sunanta Nike Davies-Okundaye, Bayarabiya ce da aka haifa a 1951, karatunta na boko bai wuce aji shida na firamare ba, ba ta kuma shiga wata makarantar koyon zane ba, amma ga shi ayyukan hannunta suna rataye a gidajen tarihi na Amurka da Turai, har jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta ba ta digirin girmamawa a 2019. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne, tushen sana'arta rini ne da shuni, watau abin da mu mutanen Kano muke ɗauka gadonmu ne tun kaka da kakanni, muna kai baƙi karofin Ƙofar Mata muna gaya musu tun 1498 ake tsoma a cikinsa, alhali da yawa daga ramukan nan ƙasa da shara sun cike su.

Na tashi bayan sallar Asuba, na shiga mota a tashar Unguwa Uku, muka bi ta Kura, garin da Buzayen Agadas suka daɗe suna sayen turkuɗinsa don rawani, muka ratsa Zariya dawa tana tsaye a gonaki an fara karya masara, muka isa Kaduna da hantsi. A Rigasa na shiga jirgin ƙasan nan da ya fara aiki a 2016, wanda ya sauke mu a Idu da la'asar, na kwana wurin wani ƙanena a Lugbe, domin kuɗin ɗaki ɗaya a masaukan Abuja ya isa ya ciyar da gida guda a Kano har mako ya zagayo. Kusa da nan, a ƙauyen Piwoyi da ke gefen hanyar filin jirgin sama, Nike tana da wani gida na koyar da sana'a da ta buɗe a 2002, na leƙa shi da safe na ga yadudduka masu shuni suna shanye a kan igiya, amma ban daɗe ba, don ina so in fara karanta littafin daga bangonsa na farko.

Hanyar Lakwaja ta bi da mu ta Gwagwalada da Kwali, a nan kuwa dole matafiyi ya tuna da Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda ita ma ba ta yi boko ba, ta shiga makarantar tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a 1954 a tsohuwar Abuja da ake kira Suleja yanzu, Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama ta da digiri a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira ashirin da yaron mota ya miƙo mini canji. Muka wuce Abaji da Koton Ƙarfe, muka haye Kwara ta gadar Murtala, muka shiga Lakwaja cikin wani irin zafi mai gumi wanda mutumin Kano, duk da saninsa da zafin bazara, bai san irinsa ba. Garin yana ƙarƙashin dutsen Patti, a inda Kwara da Binuwai suka haɗu, kuma kifi a nan araha gare shi har abin ya ba ni haushi: ragon ruwan da mai tebur a Galadima zai ce sai ka ba shi kuɗin kaza biyu, a nan mace ta yanka mini shi ta gasa, ta haɗa da yaji da albasa, a kan kuɗin da bai kai na kaza guda ba. Kafin magariba na roƙi wani ɗan acaba Banufe ya kai ni ziyara kabarin Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kawo nan bayan 1903 ya zauna har ya rasu a 1926, na yi masa addu'a, da shi da sauran sarakunan da aka raba da garuruwansu aka ajiye a wannan gari mai sauro.

Daga Lakwaja hanya ta juya yamma, ta bi ta Obajana inda babbar masana'antar siminti take, tireloli jere kamar ba za su ƙare ba, sa'an nan ta miƙe bisa kankare har Kabba. Mutanen wannan yanki Yarabawa ne da ake kira Okun, kuma abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, Lardin Kabba yana cikin Jihar Arewa har 1967, watau a lokacin da aka haifi Nike, Kaduna ce hedkwatarta kamar yadda take tamu. Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya da shi, tsohon ma'aikacin gidan waya, da ya ji inda na fito sai ya juya harshe zuwa Hausa tsantsa irin ta Kaduna ta dā, ya ce, "Malam, ai mu ma 'yan Arewa ne, Sardauna ne ya ba mu sukolashif." Da muka sauka bai bar ni na biya ɗan acaban da zai kai ni Ogidi ba, ya ce baƙo ba ya biya a gabansa.

Ogidi ba ta da nisa da Kabba, ƙaramin gari ne na ƙasar Ijumu da manyan duwatsu suka kewaye ta kowace fuska, baƙaƙe masu santsi, itatuwa sun tsiro a tsagoginsu. Wanda ya gan su kuwa zai gane dalilin da ya sa mutanen Okun suka fake a nan suka yi tsayayya da mayaƙan Bida, har sojojin Kamfanin Neja suka iso a 1897 aka watse. A cikin wannan gari aka haifi Nike, ubanta makaɗi ne kuma masaƙin kwanduna, uwarta ta rasu tana da shekara shida, kakarta ta bi baya ba da daɗewa ba, sai riƙonta ya koma hannun kakar uwarta, tsohuwa masaƙiya mai rini, wadda ta zaunar da ita gaban masaƙa tun hannunta bai iya kai wa ƙarshen zare ba. Ba a yi wannan don a mai da ita gwana ba, an yi ne don a sami abin sawa a bakin salati, gama gidan ba shi da komai, kuma rashin kuɗin makaranta ne ya tsayar da karatunta.

A 1996, bayan duniya ta san ta, ta dawo ta kafa wa matan garin wurin saƙar ashoke, can kuwa na nufa. Tun daga nesa ake jin ƙarar ƙoshiya da allera, kuma da na shiga sai na ga abin da ban saba gani ba, domin a wurinmu siririyar masaƙa mai doguwar shimfiɗar zare da kunkuru a ƙarshenta ta maza ce, mata kuwa tasu ita ce ta tsaye wadda ake saƙa gwado da ita a cikin ɗaki. A nan ga mata zaune a kan ta maza, ƙafafunsu suna taka igiya, wata da goyo a bayanta, suna fitar da sawaye masu ratsin ja da ruwan zinariya waɗanda za a ɗinka a yi gwaggwaro da mayafin biki. Babbarsu, wadda kowa yake kira Mama, ba ta jin Hausa ni kuma ba na jin Yarabanci, sai wani jikanta da ya yi bautar ƙasa a Gusau ya zama tafintanmu. Yaron ya zo ya kwanta rub-da-ciki a gabanta kafin ya buɗe baki, 'yan mata kuwa gwiwa biyu suke sawa a ƙasa, har na ga durƙuson da muke yi wa manya ya zama abu mai sauƙi. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da aka ajiye mini sakwara da miyar agushi, ta kuma sa aka gaya mini cewa Musulmi ne ya yanka kazar, don kada in ci da waswasi; wannan lura tata ta fi mini abincin daɗi, ko da yake sakwarar ma, ta sabuwar doya da aka daka a turmi ina ji, ba ta da dangantaka da abin da ake sayar mana da wannan suna a Sabon Gari.

A nan na fara shakkar maganar da marubuta suke yi, cewa Nike ita ta koya wa kanta. Malamanmu na zaure ba sa karɓar ilmin da ba shi da isnadi, sai an ce wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga mai littafi. To, ita ma wannan mata tana da nata isnadin, sai dai silsilar tasa duk mata ne, ba a kuma rubuta sunayensu a ijaza ba. Abin da ta koya wa kanta daban ne, shi ne yadda za ta ɗauki aikin da aka yi don ɗaurawa a ƙugu ta mai da shi abin da ake ratayewa a bango a tsaya ana kallo, wannan kuwa babu tsohuwar da ta nuna mata shi a Ogidi.

Tana budurwa aka so a aurar da ita ga wanda ba ta so, sai ta gudu ta bi wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, har rayuwa ta kai ta Oshogbo. Ni ma na bi bayanta ta cikin ƙasar Ekiti, ta Omuo da Ikole da Ado, sa'an nan Ilesha. Hanya ce mai hawa da gangara da kwana-kwana, kurmi ya rufe ta dama da hagu har mutumin da ya saba hango ƙauye tun yana tafiyar sa'a guda kafin ya isa yakan ji ƙirjinsa ya ƙuntata. Manoma sun shanya koko a gefen kwalta, mata sun jera galan-galan na manja da damin ayaba da tulin doya, kuma doyar da za ka saya ƙwarya guda a 'Yan Kaba, kuɗinta a nan zai ba ka biyu har da gyara. Amma da na tambayi albasa da tumatir sai na ga an rama, domin ɗan kashin da yara suke tallansa a unguwarmu a nan sai an ninka kuɗinsa uku. Shingayen masu tsaron hanya kuwa ban ƙidaya su ba, direbanmu dai ya tanadi ƙananan takardun kuɗi a cikin tokar sigari, yana miƙawa ba tare da ya tsaya sosai ba.

Na isa Oshogbo da dare, na nufi Sabo, unguwar Hausawa, da wasiƙar baki daga wani maƙwabcina zuwa ga wani Alhaji mai sarin goro. Ban gama sallama ba ya sa aka ɗauki jakata, ya ce, "Malam, wanda ya zo daga gida ai ba ya neman masauki, ga ɗakin baƙi nan, ga buta." Shi a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Bebeji da fataucin shanu ya koma na goro, kuma Hausarsa tana da wani lanƙwaso na Yarabanci wanda shi bai san yana da shi ba. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka don a girmama ni, shi kuwa da 'ya'yansa amala suka ci da miyar lalo da ta wake, har na roƙa aka ɗiba mini, na same ta da santsi da yaji mai sa hawaye. Bayan Isha'i muka zauna a ƙofar gida ya ba ni tarihin gari: a nan ne, wajen 1840, mayaƙan Badun suka tare dawakin Ilori suka hana su gangarawa kudu, ta nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta bi kafin ta kai Kano a 1911, abin da ya cika Sabo da mutanenmu, a 1991 garin ya zama hedkwatar Jihar Osun. Da na ambaci abin da ya kawo ni sai ya yi dariya ya ce, "Gidan Mama Nike? Shekara nawa muna wucewa ta ƙofarsa, mun ɗauka na Turawa ne."

Ba laifinsa ba ne, domin labarin zane a Oshogbo da Turawa ya faro. Wani Bajamushe mai suna Ulli Beier, da Susanne Wenger 'yar ƙasar Ostiriya, sun zauna a garin tun kafin samun mulkin kai. A 1962 ɗan wasan kwaikwayon nan Duro Ladipo ya buɗe kulob ɗin Mbari Mbayo a gidansa, a 1964 kuma wata Baturiya mai suna Georgina Beier ta tara samarin gari, waɗanda yawancinsu 'yan wasa ne da masu ƙananan sana'o'i, ta ba su takarda da fenti ta ce kowa ya zana abin da ke cikin kansa, ba ta koya musu ƙa'idar Turai ba. Daga cikinsu aka sami Muraina Oyelami, da Jimoh Buraimoh wanda dā mai gyaran lantarki ne ya koma yin hoto da ƙananan duwatsun ado, da Twins Seven-Seven, mawaƙi kuma mai rawa, wanda ya fi su suna, ya rasu a 2011. Shi ne Nike ta aura, tana ɗaya daga cikin matansa masu yawa, kuma a gidansa ta ga yadda baƙi suke zuwa su biya kuɗi mai kauri a kan abin da hannu ya zana. Ta fara da aikin allura da zare, ta koma batik, tana sayarwa a cikin ɗakin kwananta. A 1968 aka baje aikinta ita kaɗai a cibiyar Goethe ta Jamusawa a Ikko, a 1974 kuma aka gayyace ta Amurka ta koyar a makarantar sana'o'in hannu ta Haystack a Jihar Maine, tana da shekara ashirin da uku. Bayan shekaru auren ya mutu, ta fita da sana'arta a hannu. Wata malama Ba'amurkiya, Kim Marie Vaz, ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1995.

Gidan koyarwar da ta buɗe a nan a 1983 shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi ne ya biya mini wahalar hanya. A ƙarƙashin wata rumfa na tarar da 'yan mata zaune a kan benci, kowace da farin yadi shimfiɗe a gabanta da ɗan kwano na kunun garin rogo mai kauri, tana tsoma gashin kaza a ciki tana zana layi. Sukan fara raba yadin gida-gida, sa'an nan su cika kowane gida da siffarsa, wannan tsuntsu, wannan ƙadangare, wancan mataji, wancan ganye ko cokali, babu ma'auni babu fensir, sai ido da saba; kowane tsari kuma da sunansa, kamar Olokun da Ibadandun, yadda mu ma muke da aska takwas da 'yar Dikwa a wuyan riga. In kunun ya bushe sai a tsoma yadin a shuni, inda rogo ya rufe rini ba ya kamawa, daga baya a kankare a wanke, siffar ta fito fari-fari a cikin baƙin shuɗi. Wannan shi suke kira adire eleko. Akwai kuma wanda ake ɗaurewa da zaren tukurwa, da wanda ake ɗinkewa da allura kafin a tsoma, waɗannan biyun kuwa matan Kano sun san su sarai, su ne suke ɗaura wa marinan Ƙofar Mata.

Wurin tsomawar ne bambancin ya fito fili. Mu rami muke haƙawa mai zurfi fiye da tsayin mutum, a shafe shi da katsi, a zuba baba da toka da kanwa, maza su tsaya da muciya suna motsawa. Su kuwa manyan tukwanen ƙasa ne a bisa ƙasa, mata ne a kansu, kuma ganyen da suke dakawa su cura ba baba ba ne, talaki ne, wanda suke kira elu. Amma warin ɗaya ne, har da na shaƙe shi sai da na waiwaya, kuma abin ta'ajibin nan da ba ya tsufa shi ma ɗaya ne, watau yadi ya fito daga tukunya kore-kore, iska ta buge shi, ya rikiɗe ya koma shuɗi kana kallo. Tsohuwar da ke kula da tukwanen, hannuwanta sun rine har gwiwa, ta ɗebo ruwan da yatsa ta ɗanɗana don ta san ko ya nuna, daidai yadda na sha ganin tsofaffin marinanmu suna yi.

Batik kuwa da kaki ake yinsa, a narka shi a kan wuta, a zana da soso ko burushi, a tsoma a launi na farko, a sake rufe wani wuri a tsoma a na biyu, har sau da yawa, a ƙarshe a dafa yadin kakin ya narke. Inda kakin ya tsattsage kuma rini yakan kutsa ya bar wasu siraran jijiyoyi kamar faso a dugadugan manomi da hunturu, waɗanda masu saye suke nema da gangan. Wata yarinya mai hijabi da ke wannan aiki, 'yar Ilori mai ɗan jin Hausa, na tambaye ta nawa take biya. Ta ce, "Baba, ba a biya. Ka zo kawai ka zauna, in ka iya ka tafi ka buɗe naka." Tun 1983 haka abin yake, kuma waɗanda suka bi ta wannan rumfa sun kai dubbai. Na yi shiru ina tuna marinanmu, inda sirrin haɗa baba yake tsakanin uba da ɗa, in ɗan ya tafi acaba ko sayar da katin waya sai sirrin ya bi uban kabari. Ba rashin gwaninta ne ya kashe ramukanmu ba, gama har gobe babu mai fitar da baƙin shuni mai ƙyalli kamar mabugan Kura, ƙofar ce muka rufe, muka kuma tsaya a kan tsari guda muna jiran Buzu da Bature.

Akwai mas'alar da ba zan tsallake ta ba, tun da na san mai karatu zai yi ta a ransa. Yawancin manyan ayyukan Nike surori ne na mutane, mata da goyo, makaɗa, masu ɗaukar tulu, wasu kuma na Osun, abin bautar kogin garin, wadda kurminta na gefen gari hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, a cikinsa kuma Susanne Wenger ta ƙare rayuwarta tana gina gumaka har ta rasu a 2009. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa, cikakkiyar halitta, wadda suka haramta, da wadda aka zana a shimfiɗe bisa takarda ko tufa, wadda hukuncinta ya fi sauƙi. Ni dai kurmin ban shiga ba, abin da aka zana don bauta kuma ba ruwana da shi. Sai dai ko wanda ya ɗauki mafi tsananin fatawa ba shi da hanzari, domin fasaharmu ta dā ba ta dogara ga sura ba: ga zayyanar da alarammomi suke yi wa Alƙur'ani, ga dagi a bangon soro, ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya, ga aikin wuyan riga da na hula da na fatar Sakkwato. Duk wannan ban taɓa ganin an ɗora shi bisa yadi da shuni yadda waɗannan 'yan mata suke ɗora mataji da cokali ba.

Na sayi adire turmi biyu na hannu, kowanne a kan kuɗin da ya kusa na shadda matsakaiciya, Alhaji ya haɗa ni da ƙullin goro fari a cikin ganye ya raka ni tasha da kansa. Muka bi ta Gbongan da Ikire, inda mata suke rufe mota da wata soyayyar ayaba baƙa mai yaji da manja wadda garin ya yi suna da ita, muka ratsa Badun da jajayen rufin kwanonta, muka kama babbar hanyar Ikko, inda tafiyar da ta rage daga bakin gari zuwa Lekki ta kusa cin lokacin da muka ci daga Oshogbo.

Gidan da ta buɗe a Lekki a 2009 farin bene ne mai hawa biyar, ba a biyan ko kwabo a shiga, kuma tun daga ƙasa har sama babu tazarar tafin hannu a bango da ba a rataye wani abu ba. Ayyuka ne dubbai, mafi yawansu ma ba nata ba ne, na sauran masu zane ne na Nijeriya, tsofaffi da yara, da take baje musu. Nata kuwa ba sa ɓacewa a cikin taron. Na tsaya gaban wani babba, na mata a jere, na matsa kusa sai na ga tufafinsu da sararin da ke bayansu duk an cike su da ƙananan gidaje, kowane gida da siffarsa da aka ja da bakin alƙalami, tsuntsun nan da matajin nan da ganyen nan da na baro a rumfar Oshogbo, sai dai yanzu a fenti ne da tawada maimakon kunun rogo. Watau ba ta bar aikin tsohuwar Ogidi ta koma na Turawa ba, ɗauko shi ta yi ta sa shi a inda Turawa suke sa nasu. Ita kanta na gan ta a ƙasa a tsakiyar 'yan makaranta da aka kawo ziyara, sanye da adire, da wani gwaggwaro mai faɗi ƙwarai da duwatsun wuya masu nauyi, tana ɗaura wa 'yan matan kallabi ana ɗaukar hoto. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ban kuwa tsare ta da tambaya ba, don mutane suna jira. Na tambayi wani ma'aikaci kuɗin hoton da na tsaya a gabansa, ya faɗa mini a hankali, na lissafa na ga zai sayi fili a bayan Kumbotso.

Taron da ya kawo ni an yi shi an gama lafiya, aka karanta takardu aka raba na mota. Kafin in juyo na sauka Agege wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da yadi, na fito da adiren Oshogbo ina nuna masa, ya murza shi, ya shinshina, ya ce aiki ne na gaske. Sa'an nan ya jawo wani daga cikin tarin da ke bayansa ya shimfiɗa kusa da nawa, tsari iri ɗaya, har da tsuntsun da matajin, sai dai inji ne ya buga shi a ƙasar Sin, kuɗinsa kuma bai kai sulusin nawa ba. Ya ce, "Malam, naka sai mai ido. Wannan kuwa dila uku na aika Kantin Kwari makon jiya, an bugo waya a ƙaro."